An Kife Mini Kwano

Bana bazara ta sauko da wuri, kuma ba da wasa ta zo ba. Kafin rana ta take tsaka ƙyauren gidana ba ya taɓuwa, ruwan randa ma sai ka ce yanzu aka sauke shi daga wuta. Shekaranjiya na hau kabu-kabu zan je gaisuwar rasuwa, mai babur ɗin ya bi da ni ta bakin tsohuwar makarantarmu daidai lokacin tashi. Yara suka cika hanya, dole ya tsaya. Itatuwan dogon yaro na bakin katanga sun yi fure, iska mai zafi ta kwaso ƙanshin ta watsa mini a fuska, nan take na ji yunwa. Ni da na ci na ƙoshi kafin in fito, har da ƙari. Sai da muka sha kwana na gane ba yunwar ranar ba ce, ta wata shekara ce can baya, cikina ne bai manta ba.

A zamaninmu makarantar ba cikin gari take ba. In ka baro Sabon Gari sai ka wuce gidajen ƙarshe, ka ratsa gonaki, rairayi na shiga takalminka, kafin ka hango tuta. Yau Maraɗi ta haɗiye ta, masu cajin waya da masu sayar da fetur a kwalba sun kewaye katangar. Lise muke ce mata, wato babbar sakandaren gwamnati, ta haɗa ƙananan azuzuwa da manya a fili guda. Yaron da ya ci jarrabawar firamare a Tsibiri, ko Jiratawa, ko ƙauyukan bakin Gulbi, nan ake turo shi ya haɗu da ƴan birni. Mun yi yawa ƙwarai. Akwai wanda muka yi shekaru muna gaisawa ban san sunansa ba, sai dai in ce mai jan takalmi.

Azuzuwan dogayen gine-gine ne a jere, masu rufin ƙarfe da tagogi marasa gilashi. Da suka kasa ɗaukarmu aka ƙara da rumfunan zana can gefen filin ƙwallo, nan ake zuba sababbin shiga. Bencin mutum biyu mu huɗu muke matsuwa a kai, na gefe rabin jikinsa a waje, yana rubutu yana tokare ƙafa. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ne rataye a reshe, in aka buga shi har manoman nesa sukan ɗaga kai. Famfo guda ne a tsakar makarantar, mai ƙarfi ke fara sha. A bakin ƙofa mata ke jerawa da ƙosai da dafaffen rogo da kwaɗon zogale, ƴan birni su tsaya su saya, mu ƴan ƙauye mu wuce da sauri kamar ana kiranmu a gaba.

Da safe mu shiga har rana tsaka, a sallame mu mu je gida, mu dawo bayan azahar mu kai yamma. Komai da Faransanci ake yi, lissafi, tarihi, ilimin ƙasa, har zagi. Malaman wasu ƴan ƙasa ne, wasu daga ƙasashen bakin teku aka ɗauko su, suna fama da zafinmu muna fama da harshensu. Manyan ɗalibai masu shirin shiga jami'a suna yawo da littafi a hammata, in ka gaishe su da hanci suke amsawa. Ƴan mata ba su da yawa, gaba suke zama, kuma akwai wata a ajinmu da ta riƙe na ɗaya ta ƙi saki, mu maza muna ta cewa sa'a ce.

Lokacin mulkin soja ne, kowa a kan ƙafarsa yake. Kullum safe mu yi sahu gaban tuta a rera taken ƙasa, sirbeya, wato malamin da ke kula da tarbiyya, yana zagayawa da tsumagiya yana neman wanda leɓensa kawai ke motsi. Malamai ba sa makara, don manyan soja kan faɗo ma'aikata ba sallama, wanda aka tarar kujerarsa ba kowa ya shiga uku. Ko dattawa in za su yi maganar gwamnati sai sun waiga. Malamanmu maza kuwa mushe muke ce musu, haka bakinmu ya murɗe kalmar Faransanci ta girmama namiji. Hutuna na farko na ce wa innata mushenmu ya yaba mini, ta ajiye taɓarya ta tambaye ni ko a lekol, wato makarantar boko, har mushe magana yake.

Lise tana koyarwa, amma ba ta kwanar da kowa, ba ta ciyar da kowa. Ɗan ƙauye sai ubansa ya nema masa mai masauki a gari. Al'adar sananniya ce: da kaka uba ya kawo damman hatsi gwargwadon ƙarfinsa, a karɓa ana cewa ai da bai wahalar da kansa ba. Yaro kuma ya ɗebo ruwa, ya je aike, ya ci abin da aka ba shi. Ba wanda ke faɗin sharaɗi da baki, kowa ya san nasa.

Ni gidan Baba Bulus aka kai ni, a Sabon Gari. Kafinta ne, mutumin Tsibiri, Kirista, shi da babana sun yi cin rani tare tun suna samari, abota ta zauna. Mutum ne marar magana, sai ya yini yana gyara katako bai ce uffan ba. Matarsa Inna Hannatu ita ta ɗauke masa wannan nauyin: ta yi magana da mutane, ta yi da kaji, in ba kowa ta yi da tukunya. Ƴaƴansu uku duk maza, babban shi ne Dauda, sa'ana, shekararmu ɗaya a lise amma aji daban.

Tun ranar farko Inna Hannatu ta ware mini kwano, fari mai murfi, da jan zane a baki. A gabana ta ce wa babana ɗansa Musulmi ne, ga kwanonsa ga butarsa, kada ransa ya yi ɗar. Babana ya ce shi bai tambaya ba, ta ce ai ita ta faɗa. Da asuba in yi salla a zaure, inda nake kwana, in ɗauki garwa in cika randuna daga famfon unguwa, Dauda ya share gida, mu ci ɗumame mu kama hanya. Ran Lahadi suna majami'a ina gida ina wanki, ran Juma'a Inna ke kora ni masallaci kada in makara. Wurin cin abinci ne kawai muke rabuwa. Dauda da ƙannensa suna tsakar gida kan babban akushi, suna ƙwace suna faɗa, ni ina zaure da kwanona ni kaɗai kamar wani hakimi. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya a gidan, Dauda ma in zai ari alƙalamina sai ya ce don Allah. Na ɗauke shi gata, kuma gatan ne.

Shekarar da zan shiga aji na huɗu, wanda ake rubuta burbe a ƙarshensa, jarrabawar da ke raba mai ci gaba da mai komawa gida, ita ce damina ta yaudare mu. Ina hutu a ƙauyenmu, gaba da Jiratawa, da idona na gani. Aka yi shuka ta fito ta ƙone, aka sake. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya da gudu, iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyen ya naɗe, in ka ratsa gona da rana sai ka ji yana ƙara a jikin wandonka. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Da kaka ta zo, abin da muka yanka a gonar babana jaki ɗaya ya kwaso shi, kuma bai yi nishi ba.

Da aka koma makaranta babana ya rako ni, ba dami, sai ɗan ƙunshin busasshiyar kuɓewa da innata ta ba shi don kada ya shiga gidan mutane hannu rabbana. Suka zauna da Baba Bulus a zaure, gaisuwa ta ƙare aka ɗauko wata. Babana ya buɗe baki zai yi bayani, Baba Bulus ya tambaye shi lafiyar jakinsa. Ya sake ɗaukowa, aka tambaye shi labarin wani tsoho da ya daɗe da rasuwa. Ban taɓa jin Baba Bulus ya yi magana mai yawa irin ta ranar ba, kuma har babana ya tashi zancen hatsi bai samu ƙofar fita ba. A waje ya dafa kafaɗata ya rage murya.

“Isufu, ka rage ciki. Gidan mutane ne.”

Su ma gidan ba a wadace suke ba. An rufe iyaka da Najeriya, kasuwar Maraɗi ta yi sanyi, mai neman abin sa wa a tukunya ba ya zuwa a yi masa kujera. Mutanen arewa suka fara sauka bakin gari da ƴan dabbobin da suka rage musu, suna kafa bukkoki a bayan filin ƙwallonmu. A hanyar Tsibiri shanu kwance ko'ina, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in ka matso. Wani yaro ya makara, sirbeya ya tambayi dalili, ya ce warin mushe ne ya sa ya zagayo ta nesa, sai da ya sha tsumagiya kafin a gane wanne yake nufi. Awaki suka cinye bangon rumfunan zana, sababbin shiga suka ƙarasa zangon ana kallonsu daga hanya suna karatu.

A gida furar rana ce ta fara ɓacewa. Sai ɗumamen safe ya koma kunu, kunun ya rinƙa tsinkewa har kana ganin ƙasan ludayi. Tuwon hatsi ya ba da wuri ga na jar dawar agaji, wadda soja ke rabawa a layi, mai ɗaci-ɗaci da ke zama a ƙirji. Wata rana garin rogo ne da ruwa da ɗan gishiri. Inna Hannatu ba ta daina magana ba, sai dai yanzu da mudu take faɗa, tana ce masa ya ji tsoron Allah.

Da sanyi ya shigo gwamnati ta ce kowa ya yi noman rani, soja kuwa in ya ce a yi, yi ake. Aka haƙa rijiya a bayan azuzuwa, aka yanka wa kowane aji fegi. Da yamma bayan darasi mu yi layi daga bakin rijiya har fegi, guga na fitowa, bokiti na bin hannu-hannu, mushen lissafi ya naɗe wando yana tsakiyar layin, ƴan mata na waƙa muna amsawa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a shekarar da ba a yi ruwa ba, Allah ya sani, har yau ban ji abin da ya kai shi daɗi ba. Muka shuka kabeji da tumatir da dankalin Turawa. Ranar da aka cire aka raba, na zo gida da kabeji guda a hammata ina taƙama. Inna ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ganye dai ganye ne ko na Nasara ne, ta yi mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Amma kabeji ba ya riƙe gida. Tun sanyi bai wuce ba benci ya fara yi mana faɗi, mu huɗu muka koma uku, muka koma biyu. Mai masauki ba zai dubi ɗan amininsa ya ce tashi ka tafi ba, bakinsa ba zai iya ba. Abin da ake yi, yaro ya dawo daga makaranta ya tarar da kwanonsa a wanke, a kife, ba a ce masa komai ba. Sai ya gane, ya naɗe tabarmarsa. Ban san gidan da aka fara ba, amma maganar ta bi lise duka har ta zama yarenmu. In aka ga wurin wani ba kowa, ba a tambaya ko ciwo yake, sai a ce an kife masa kwano. Har wasa muke da ita, wanda ya sha sifili a gwaji a ce mushe ya kife masa kwano. Muna dariya, amma kowane ɗan ƙauye in ya shiga gida da rana, wajen kwanonsa idonsa ke fara zuwa.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Habu, abokin bencina, ɗan wajen Tsibiri, yaron da lissafi ke yi wa biyayya. Ran Asabar muna tare, ran Litinin babu shi. Bayan shekaru na gan shi a tasha yana dakon kaya, muka gaisa, ya tambaye ni ko mushen lissafi na nan da rai.

Ni dabarar babana na riƙe. Kullum aka miƙo mini kwano sai in ci rabi, in rufe sauran in mayar, in ce na ƙoshi. Da aka rage tuwon, ni ma na rage rabin. So nake a ce Isufu ba shi da ci, riƙe shi ba nauyi, in lallaɓa haka har in rubuta burbe. Inna Hannatu takan ɗaga murfin ta dube ni, ta buɗe baki, ita da ba ta rasa abin faɗa, sai ta mayar ta rufe. A aji, in hantsi ya yi, allo yakan yi mini nisa, rubutun ya rinƙa rawa, in ɗaga hannu in je famfo in cika ciki da ruwa.

Bazara ta shigo, dogon yaro ya yi fure. Rijiyar lambu ta ja baya har guga na dawowa da laka, fegin ya bushe. Rufin ƙarfe ya rinƙa ƙas-ƙas da tsakar rana, gumi na ɗiga kan takarda yana wanke tawada. Burbe ya matso, malamai sun fara bita.

Wata Asabar aka sallame mu da rana tsaka. Na iso gida na yi sallama ba amsa. Inna ta tafi layin dawa da ƙananan, Dauda ya biya wurin aikin babansa. Na duba bakin zaure inda ake ajiye mini kwano, babu. Na ɗaga kai, sai ga shi can bisa rufin madafa, a wanke, a kife, har an ɗora masa dutse kada iska ta ɗauke shi.

Wallahi ban yi fushi ba. Kunya ce ta rufe ni, da na zauna har sai da aka nuna mini. Na ce a raina mutanen nan sun yi mini abin da ɗan'uwa na jini bai yi ba, ba su da laifi. Na naɗe tabarmata, na ɗaure littattafai da igiya, na share zauren tas, na cika randuna don kada a ce na tafi ban yi aikin ranar ba. Ban jira sallama ba, don in na jira dole su ce in zauna, ni kuma in sa dattawa yin ƙarya.

Na kama hanyar Jiratawa a ƙasa. Rairayi na ƙona ni ta cikin takalmin roba, inuwa ba ta da yawa don an sassare itatuwa an ba dabbobi. Gulbi ya bushe ƙaf, mata sun haƙa ramuka a tsakiyarsa suna kwasar ruwa da ƙoƙo, wata ta ba ni na sha, da yashi da komai. A Jiratawa kaɗai ido ke samun kore, inda ake ban ruwa da inji, maza cike a bakin gonakin suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Na wuce su ina tunanin gobe ni ma cikinsu nake.

Ƙauyenmu ya yi tsit, gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun tafi. Na tarar da innata tana tsame anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ta ga tabarma a kaina, ta sauke mini ita. Na ce wa babana an kife mini kwano, ya ce mene ne kuma haka, na yi masa bayani. Ya ce Bulus ya yi ƙoƙari, kada in kuskura in riƙe shi a rai. Sannan ya ce jibi shi da mazan da suka rage za su bi ta daji su tsallaka kudu neman aiki, tunda na dawo sai mu tafi tare. Na ce to. Na tura littattafan ƙarƙashin gadon innata, a raina na gama da lekol.

Washegari Lahadi, ranar da Inna Hannatu ba ta fashin majami'a ko zazzaɓi take. Hantsi ya yi ina zaune gindin rumbunmu da ba komai ciki, sai na ji murya tun daga bakin gari tana tambayar gidanmu, tana faɗa wa wanda ke nuna mata cewa wannan hanya tasu ba hanya ba ce. Ta shigo zanenta duk ƙasa, ƙafafunta sun kumbura, Dauda na biye da ita. A ƙasa suka zo tun asuba. Ta sha ruwa, ta gaisa da innata, ta gaisa da babana har ta tambayi jaki, sannan ta juyo kaina.

“Kai, Isufu, wa ya kore ka?”

Na ce ba kowa, kwano na gani.

Ta ce ita jiya ta fara jin wannan zancen banza, da Dauda ya ga zaure a share, ya hango kwano a bisa, ya ɗora hannu a ka, ya faɗa mata ma'anar kife kwano. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin kwano na magana ba sai a lise, inda aka ce an tara masu ilimi. Daga nan ta juya wajen babana, muryarta ta sauka. Ta ce wata da watanni tana kallon yaron nan yana mayar mata da rabin tuwo, wuyansa na ƙara tsawo, yana cewa ya ƙoshi. In ta yi magana kunya za ta ƙara masa, in ta yi shiru yunwa ta kayar da shi a hanya. Ta lura muddin kwanonsa daban ne zai yi ta auna cinsa, yana ganin ana auna shi. Shi ya sa ta ɗauke kwanon ta kai inda hannu ba ya kaiwa.

“Malam, tuwon gidana ya yi kaɗan, ba shi rabuwa biyu. Akushi guda ya rage, na ɗiyana. Ciki nake so in sa shi, in ka yarda ɗanka ya ci da nawa. Laihina guda, ban tambaye ka ba kahin in taɓa kwanon.”

Babana ya kasa kallonta.

“Hannatu, ni da ko zangarniya ban kawo ba.”

Ta ce ba zangarniya ta zo tambaya ba. Ya share fuska da hannun riga, ya ce abin da ɗiyanta suka ci, nasa ma ya ci. Innata ta shiga ɗaki ta jawo littattafan, ta kakkaɓe su, ta ɗora mini a ka.

Ran Litinin babana ya tafi kudu ba da ni ba, a lokacin ina sahu gaban tuta ƙafafuna duk bororo. Azumi ya same mu cikin zafin nan, Inna Hannatu ke tashi ta dama mini kunun sahur tana mita ita kaɗai. Ruwan farko muna cikin ɗakin jarrabawa ya sauko, rufin ƙarfe ya ɗauki ƙara, mai tsaronmu ya manta da mu ya je taga ya miƙa hannu waje. Burbe dai na ci, na wuce manyan azuzuwa, daga baya na yi aikin koyarwa har na gaji.

Amma bari in koma Lahadin nan. Daga Jiratawa muka samu amalanken wani mai kai albasa ya rage mana hanya, muka iso Sabon Gari gab da magariba. Baba Bulus na bakin ƙofa, ya dube ni ya ce na dawo, na ce na dawo, shi ke nan maganarsa. Inna ko zama ba ta yi ba ta hura wuta. Tuwon jar dawa ne da miyar kuka ba mai. Aka ajiye akushi a tsakar gida, Dauda da ƙannensa suka yi addu'arsu, na yi bisimilla, muka sa hannu. Na rinƙa gutsura kaɗan-kaɗan daga gefe, ina jiran lokacin da zan ce na ƙoshi. Ba wanda ya kula ni, kowa ta kansa yake, tuwo na ta tafiya. Da na ga da gaske ƙarewa zai yi, yunwar watanni ta ture kunya, na zura hannu na yanko babbar loma, ashe daga gaban Dauda. Ya doke mini hannu har miya ta fantsama.

“Kai, ɓarawo! Ci gabanka mana!”

Daga bakin madafa Inna Hannatu ta ce in ba mu yi mata shiru ba za ta zo ta gwara kawunanmu duka huɗu. Shekara ta huɗu ke nan ina gidan, ranar aka fara zagina. Na sunkuyar da kai kada su ga idona, na ci gabana har na ga ƙasan akushi.